Muryar Lucia

SHAFI NA 19

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar "wai Hindatu ba ta tsoron ranar da yayanta zai gane?" to ku gyara zama, ranar ce ta zo.

Hindatu na cikin cunkoson titin filin jirgi, ta kusa gadar Lugbe, wayarta ta yi ƙara. Christina ce, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da mahaifiyarta in ta tafi ofis.

"Anti, kina ina?"

Yadda muryar ke rawa ya sa ta kashe rediyon motar.

"Ina hanya. Lafiya? Mama ce?"

"Mama lafiya, yana barci. Oga Fatihu ne ya zo."

"To sai me? Ba gidan ƙanwarsa ba ne?"

"Anti... ya ji muryan."

Sai da ƙafar Hindatu ta zame daga kan birki. Na bayanta ya danna mata hon.

"Ya ji kamar yaya?"

"Ya kunna da kansa. Ya cire katin daga sifika ya sa a aljihu. Ya ce in kin dawo ki same shi a falo. Abeg ki yi sauri, rana ya fara sauka."

Hindatu ta ɗaga kai ta dubi sama ta gilashin mota. Ranar ta yi ja, ta karkata. Abin da ta fi tsoro ke nan, fiye da Yaya Fatihu ma.

Tun da ciwon mantuwa ya kama Mama, Hajiya Zuhra, safiya ba ta ba su wahala. Za ta sha kokonta, ta zauna tana ninke ɗankwali tana warwarewa. Amma da la'asar ta yi sanyi sai ta koma wata daban. Ta ƙulle kayanta a zani ta nufi ƙofa, duk wanda ya tare ta ya sha duka da cizo. Matar da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba a gidan marigayi Alhaji Maude na Jiwa. Ta yi ta ihu da yaren da 'ya'yanta ba sa ji, suna ɗaya kawai suke tsinta a ciki: Lucia.

Likita ne ya ba da shawarar a naɗi muryoyin waɗanda ta shaƙu da su, a riƙa kunna mata in rikicin ya taso. Aka gwada. Hindatu ta naɗi tata. Fatihu ya naɗi tasa, ya yi mata karatu, ya ba ta labarin bishiyar mangwaron gidan Jiwa. Jikoki suka yi ta "Kaka, Kaka, mu ne." Mama ta saurara kamar mai jin baƙi a tasha, ta yi jifa da sifikar.

Shi ne Hindatu ta yi abin da ba ta gaya wa kowa ba. Sun taso da sanin Mama 'yar Gbagyi ce daga Uke, ta musulunta ta auri Baba, danginta suka yanke ta. Iyakar saninsu ke nan, don ba a zancen a gidan. Ta tuƙa mota har Uke, tana tambaya rumfa-rumfa a bakin titi, har aka nuna mata wata dattijuwa mai sayar da doya. Da matar ta ji wace ce Hindatu, sai da ta zauna a ƙasa. Ta ce ita ce Lucia, ƙanwar Mama. Ta karɓi wayar Hindatu don naɗar muryarta, ta zaga bayan rumfa ita kaɗai, ta daɗe tana magana da yarensu.

Tun daga ranar gidan ya samu lafiya.

Motar Fatihu ta cika harabar, don haka Hindatu ta bar tata a waje, ta faɗa ta ƙaramar ƙofar get, gyalenta na jan ƙasa.

Yana zaune a bakin kujera, hularsa a gwiwa. Christina na tsaye jikin ƙofar kicin kamar wadda aka kama da laifi.

"Yaya, sannu da zuwa."

Ya zaro ɗan ƙaramin katin ya ɗora a tafin hannunsa.

"Mene ne wannan?"

"Bari in ajiye jaka in yi maka baya..."

"Ban ce ki min bayani ba. Na ce mene ne."

"Muryar ƙanwar Mama ce."

"Mama na da ƙanwa?"

"Tana da ita. A Uke."

"Kin je Uke?"

"Na je."

"Da izinin wa?"

"Yaya, uwata ce fa ni ma."

"Ya sunanta?"

Ta san ya sani. So yake ta furta da bakinta.

"Lucia."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana gyaɗawa.

"Na shigo in gaida mahaifiyata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na tarar tana barci, leɓenta na motsi. Wallahi daɗi na ji, na ɗauka tasbihi take. Na sunkuya na kasa kunne. Waƙa ce, Hindatu. Na danna abin nan da ke gefen filonta, sai ga waƙar a ciki."

"Yaya..."

"Tambaya ɗaya zan miki. Kin san abin da ake cewa a ciki?"

Ta sunkuyar da kai.

"Kin sani?"

"Ban sani ba. Amma na roƙe ta kada ta sa maganar addini, ta yi min alkawari."

"Ta yi miki alkawari!" Ya miƙe tsaye. "Matar da kika gani rana ɗaya ta yi miki alkawari, ke kuma kullum kina ɗura wa Mama abin da ba ki san mene ne ba. Baiwar Allahn nan ta rabu da uwa da uba saboda addinin nan. Tun kafin a haife mu goshinta ke ƙasa. Sai yanzu da hankalinta ya gushe, ba ta iya kare kanta, za ki buɗe musu ƙofa? In ajali ya zo mata da la'asar fa? Da wace kalma kike so ta cika?"

Maganar ta soki Hindatu, don ita ma ta sha kwana da wannan tambayar. Amma gajiyar da ta tara ta fi ƙarfin tsoron.

"Ka gama?"

"Hindatu, ni kike ɗaga wa murya?"

"Ka taɓa ganin la'asar ɗin Mama?"

"Me?"

"Kullum da hantsi kake zuwa. Ka same ta ta yi wanka, ta sha hoda, ka yi mata addu'a ka tafi. Ka taɓa tsayawa har rana ta faɗi?"

Ta janye hannun rigarta. Shatin haƙora ne a damtsenta, ya warke ya bar tabo baƙi.

"Wannan Mama ce. Christina, nuna masa bayanki."

"Anti, a bari..."

"Akwai ranar da muka ɗaure ta da zani a kujera, Yaya. Uwarmu! Tana kuka ina kuka. Ƙwayar barcin da ake ba ta kuwa, in ta sha sai ta kwana biyu miyau na zuba, ba ta san ta yi fitsari ba. Wannan ce sallar da kake so ta yi? Tun da aka fara sa mata muryar nan, in na ta da magariba bayana take tsayawa. Ba ta san raka'a nawa ba ce, amma tana bi na. Da can ko alwala ba ta yarda a yi mata."

Fatihu ya kau da kai daga kallon tabon.

"Da kin kira ni."

"Na kira ka. Ka ce a ƙara addu'a."

"To yau ga ni." Ya mayar da katin aljihu, ya ɗora hularsa a ka. "Yau zan ga la'asar ɗin. Ni zan zauna da ita. Ba naɗaɗɗiyar murya ba, ga ni da raina. Ɗanta ne ni, cikinta na fito."

"Yaya, don girman Allah..."

"Na gama magana."

Ƙofar ɗaki ta yi ƙara.

Dukkansu suka juya.

Mama ce tsaye a bakin korido, ba ɗankwali, furfurarta a tsaitsaye. Ta ƙulle kaya a zani ta ɗora a kafaɗa, bakin buroshin haƙori da takalmi ƙafa ɗaya na leƙowa daga ƙullin. Idanunta na yawo, ba su sauka a kan kowa ba.

Christina ta ce a hankali, "Ya fara."

Fatihu ya saki fuska, ya rage tsawo ya nufe ta.

"Mama, barka da tashi. Ni ne Fatihu."

Ta kauce masa kamar an gitta mata kujera a hanya, ta nufi ƙofar falo. Ta murɗa. Christina ta riga ta sa makulli ta zare. Ta sake murɗawa da ƙarfi.

"Ku buɗe."

"Mama, ina za ki? Zo ki zauna, na kawo miki dabino."

"Ku buɗe, rana ta faɗi!"

Ya dafa kafaɗarta.

Hindatu ta ce, "Kada ka taɓa..."

Kafin ta rufe baki Mama ta juyo ta ɗauke shi da mari. Ƙarar ta cika falon. Hularsa ta faɗi.

"Ɓarawo! Na gane ka! Ku ne!"

"Innalillahi... Mama, ni ne! Fatihunki!"

"Ɓarayi! Ku sake ni!"

Daga nan Hausar ta ƙare mata. Ta ɓarke da yaren, da wata irin murya mai kaifi da ba ta yi kama da tata ba, tana dukan ƙofa da tafin hannu. Lucia. Lucia. Lucia.

Fatihu ya riƙe hannuwanta biyu, ya fara karanta Fatiha da ƙarfi a saitin kunnenta. Ta fizge. Ya sake kamawa, ya koma Ƙulhuwallahu, surar da ita ta koya masa a tsakar gidan Jiwa. Muryarsa ta fara karyewa. Ta tofa masa miyau a ƙirji, ta gantsara masa cizo a yatsa. Da ya saki, ta yi baya ta kai wa gilashin jikin ƙofar naushi.

Gilashin ya tarwatse.

"Mama!"

Jini ya biyo gwiwar hannunta, yana ɗiga a tayil. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta cusa hannun ta cikin fasasshen gilashin tana laluben sakata ta waje, numfashinta na fita da wani irin gurnani.

Christina ta rungumo ta ta baya.

"Anti, jininsa zai hau! Ji yadda yake numfashi!"

Hindatu ta zube a gaban yayanta, gwiwa biyu, a kan ɓaraguzan gilashi.

"Yaya, ka dubi Allah. In zunubi ne na ɗauka, ni za a tambaya. Ba ni katin."

Yana tsaye, shatin yatsun Mama a kumatunsa, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Ba ta san ni ba," ya ce, kamar da kansa yake.

"Yaya, katin!"

Ya zaro ya miƙa mata.

Ta ruga ɗaki ta ɗauko sifikar. Sai da katin ya suɓuce mata ya faɗi kafin ta iya zura shi. Ta danna.

Ɗan shuu na iska da ƙarar motocin titin Uke suka fara fitowa. Sannan muryar mace, mai kauri, a natse. Kalma biyu kawai ta faɗa.

Mama ta tsaya cak.

Muryar ta ci gaba. Sannu a hankali Mama ta zaro hannunta daga gilashin. Kafaɗunta suka sauka. Ƙullin kayan ya zame ya faɗi. Ta juyo tana neman inda muryar take, ta miƙo hannuwa biyu kamar mai karɓar abu mai fashewa. Hindatu ta ɗora mata sifikar. Ta manna ta a ƙirji, jininta na ɓata ta, ta amsa da yaren cikin wata siririyar murya, har da ɗan murmushi.

Da muryar ta fara waƙar, Mama ta bi ta, tana jijjiga jiki a hankali.

Suka kai ta ɗaki ta zauna a bakin gado. Christina ta wanke yankan ta naɗe shi da bandeji, Mama ba ta ko motsa ba. Allah ya taimaka bai yi zurfi ba.

Fatihu na tsaye a bakin ƙofa. Hindatu ta zaci Mama yake kallo. Da ta duba da kyau, sai ta ga Christina yake kallo. Yarinyar na naɗa bandeji tana share hawaye da kafaɗa, kuma hawayen ba sa zubowa sai muryar ta kai wasu wurare.

"Ke," ya ce. "Kina jin yaren nan."

Christina ta sunkuyar da kai.

"Oga, ni 'yar Kafanchan ne."

"Ban tambayi garinku ba. Kina ji ko ba kya ji?"

Hindatu ta ce, "Christina?"

"Mamana... mamana Gbagyi ne. Na Karu. Ina ji, ban iya mayarwa sosai ba."

Hindatu ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Duk tsawon lokacin nan? Na tambaye ki fa, kika ce kaɗan-kaɗan kike tsinta!"

"Anti, ki yi haƙuri..."

"Akwai muryar a wayarki?" Fatihu ya tambayi ƙanwarsa.

"Akwai."

"Mu je kicin. Za ta fassara min tun daga farko, kalma-kalma."

Christina ta dubi Mama, ta dubi sifikar.

"Oga, bari in zauna da Mama tukuna, sai in..."

"Ta natsu. Ba abin da za ki yi mata. Wuce."

"Amma Oga..."

"Na ce wuce!"

Suka shiga kicin, ya turo ƙofa don kada muryoyin biyu su haɗu su rikita Mama. Hindatu ta ɗora wayar a kan firiza. Sai da ta yi ta lalube kafin ta gano saƙon.

"Kafin ki fara," in ji Fatihu, "ki rantse da abin da kike bauta wa ba za ki rage ba, ba za ki ƙara ba."

"Allah yana gani na, Oga."

"Waƙar coci ce?"

"Ba na coci ba ne."

"To ta mece ce?"

"Waƙan goyo ne. Wanda mata suke yi in yaro yana kuka a baya. Mamana ma ta yi mini."

Fatihu ya saki wani dogon numfashi, ya jingina da bango. Hindatu ta ji hawaye sun cika mata ido. Alhamdulillahi. Ashe Lucia ta cika alkawari.

Amma Christina ba ta ɗago ba.

"Kunna," in ji Fatihu.

Ta kunna. Ƙarar motoci. Sannan kalmomi biyun nan da suka tsayar da Mama. Fatihu ya sa yatsa ya dakatar.

"Me ta ce?"

Christina ta juyar da fuska gefe.

"Christina, me ta ce?"

"Anti, ni ba na so in shiga maganan gida. Shi ya sa na yi shiru. Na ji tsoro."

"Ba wanda zai taɓa ki," in ji Hindatu. "Faɗi."

"Ta ce... 'Uwata, ni ce.'"

Fatihu ya yamutsa fuska.

"To ai girmamawa ce. Ƙanwa takan ce wa babbar yaya uwa."

"Ba wannan ba, Oga. Akwai kalman yaya daban. Wannan na wadda ta haife ka ne."

Hindatu ta dafa firiza.

"Ci gaba," ta ce.

Aka kunna, aka tsayar. Christina na fassarawa idonta a ƙasa.

"Ta ce, 'Ni ce Lucia, 'yarki. Na girma, Mama. Ina da jikoki ma. Na ci abinci, na ƙoshi, ba na kuka. Ki kwantar da hankali.'"

"Ƙarya ne!" Fatihu ya daki bango. "Ni ne ɗan fari a wurin Mama! Kowa ya sani!"

"Oga, abin da ta faɗa nake faɗa."

"Wata ce kawai ta ga mota ta ga 'yar Abuja, ta shirya..."

"Yaya." Hindatu ta ɗaga masa hannu. Fuskar matar Uke ce ta dawo mata: wushiryar nan, faɗin goshin, yadda take kama haɓa in tana sauraro. Ta ga duk wannan a ranar, ta ce a ranta jini ba ya ɓuya. Ba ta kawo komai a ranta ba. Ta tuna kuma da za su rabu, matar ta riƙe fuskarta da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta cika mata but ɗin mota da doya ta ƙi sakin hannunta.

"In da abin duniya take nema, da ta gaya min ita 'yar Mama ce. Ƙanwa ta ce min. Ɓoyewa ta yi. Kunna, Christina."

Muryar ta ci gaba. A nan ta ɗan sarƙe, ana jin mai maganar na jan hanci.

"Ta ce, 'Ban riƙe ki a zuciya ba. Kaka ta gaya mini komai kafin ta mutu. Ta ce babana ya rasu ina ciki. Ta ce ranan da kika ce za ki bi addinin Hausawa, 'yan'uwan babana suka tare ki da yamma a hanyan rafi, suka kwance ni daga bayanki. Ina shan nono lokacin. Ta ce kin bi su kina ihu har zaninki ya faɗi.'"

Hindatu ta toshe baki da gyale.

Da yamma. Ku ne. Ɓarayi.

Fatihu ya sulale ya zauna a kan buhun shinkafa. Ya kai hannu ya shafa kumatun da aka mara.

"Baba..." ya ce. "Baba ya sani?"

Christina ta saurari gaba kaɗan.

"Ta ce, 'Mijinki ya sha zuwa neman a ba shi ni, ana koransa. Akwai ranan da aka fasa masa kai. Kaka ta ce mutumin kirki ne.'"

Wani sauti ya ƙwace wa Fatihu, ba kuka ba, ba tari ba. Dukkansu sun san tabon da ke gefen goshin Baba. Cewa yake faɗuwa ya yi a babur.

"Shekara da shekaru," ya ce. "Tana dafa mana abinci, tana mana wanka, tana raka mu makarantar allo. Da wannan a cikinta. Ko sau ɗaya..."

Hindatu ta durƙusa kusa da shi. Rabon da ta ga hawayensa tun ranar jana'izar Baba.

"Muna da yaya," ta ce. "Tana sayar da doya a bakin titi, Yaya. Kullum in za mu Keffi ta gabanta muke wucewa."

Ya rufe fuska da tafukansa.

Wayar na ci gaba, ba wanda ya tsayar. Waƙar goyon ta zo ta wuce. Bayanta muryar ta dawo, a hankali, kamar mai raɗa.

Christina ta ɗago a firgice.

"Yesu!"

"Mene ne?"

"Anti, sifikan Mama! Ban kashe ba!"

"To sai me? In ta ƙare ai shiru za ta yi."

"A'a! Kullum ina kashewa in waƙan ya ƙare. Kullum! Ban taɓa bari ya ji ƙarshen ba. Shi ne nake so in gaya wa Oga!"

Fatihu ya miƙe.

"Me ke ƙarshen?"

"Ta ce, 'Mama, kullum ina bakin titi. In kin ji sauƙi ki zo. Ki tsaya a bakin titi kawai, zan gan ki. Ina jiranki.'"

Suka dubi juna.

Saƙon da ke sifikar Mama ya riga nasu farawa, da daɗewa.

Hindatu ce ta fara kaiwa ƙofa.

"Mama!"

Gadon ba kowa. Shatin zamanta na nan a katifa, sifikar babu.

"Mama!"

Banɗaki ba kowa. Ɗakin yara ba kowa. Ta dawo falo da gudu. Ƙullin kayan da ya faɗi ɗazu ba ya nan. Ƙofar falo a rufe take da makulli, amma ta baya, wadda ake fita shanya, iska na kaɗa ta.

Suka zaga harabar. Hindatu ta hango ƙaramar ƙofar get a wangale. Ita ta shigo ta nan. Ba ta tuna ta rufe ba.

Layin ya yi tsit, maza sun nufi masallaci, ladan ya fara kiran magariba. Sai mai suyan ƙosai a kwanar layi tana kwashe na ƙarshe.

Hindatu ta ce, "Madam! Don Allah kin ga tsohuwa? Ba ɗankwali, hannunta da bandeji?"

"Mai rediyo a ƙirji?" Matar ta nuna da matsami. "Ta wuce tun ɗazu. Na gaishe ta ma, tana ta dariya. Ta tambaye ni ina titi."

"Kika ce me?"

"Na nuna mata mana. Babban titi."

Fatihu ya zubar da takalmansa ya kwasa da gudu, babbar rigarsa na tashi a bayansa. Hindatu ta bi shi, tana kiran sunan Allah tana kiran Mama, ba ta san wanne ke fita ba. Tun daga nan tana jin gurnanin titin filin jirgi, motocin da suka taso daga aiki suna tsere, ba mai ɗaga wa wani ƙafa.

Sun kusa shan kwanar ƙarshe suka ji ƙarar birki, doguwa, mai tsaga kunne.

Wata ta biyo bayanta.

Sannan ihun mutane ya tashi.